Windows, macOS ko Linux: a hannun wa makullin kwamfuta yake?

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, manhajar da ta shafe shekara goma tana tafiyar da ɗaruruwan miliyoyin kwamfutoci a faɗin duniya. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana, washegari duk sun tashi kamar yadda suka saba. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da kamfanin ke aikowa kyauta wata-wata. Daga ranar, duk kafar da masu kutse suka gano a jikin manhajar za ta zauna a buɗe, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin da kamfanin ya tanada.

Microsoft ya ce mafita ita ce a koma Windows 11. Sai dai sabuwar manhajar ba ta hawa kowace na'ura. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ƙirar ƙarshen 2017 zuwa yau. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda ake sayarwa a Computer Village da ke Ikeja, da Banex a Abuja, da titin Beirut a Kano, sun tsufa da cika wannan sharaɗi. Ɗalibin da ya tara kuɗi ya sayi irinsu, da ɗan jaridar da ke ajiye sunayen majiyoyinsa a ciki, da ƙaramar ƙungiyar da ke sa ido kan zaɓe, babu wanda aka nemi shawararsa. An yanke hukuncin a hedikwatar kamfanin da ke Amurka, ya kuma hau kan kowa.

Wannan ne ya sake tayar da tsohuwar muhawara kan wace manhaja ce ta fi tsaro, wacce ta fi bai wa mai ita iko, wacce kuma ta fi sauƙin aiki. Tarihin shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ba a cika samun ukun a wuri guda ba. Duk wadda ta ƙara ɗaya, takan rage wani.

Mece ce uwar manhaja?

Kowace kwamfuta da kowace wayar zamani tana da wata babbar manhaja da ke tsakanin ƙarfen na'urar da sauran ƙananan manhajoji. Ita ke raba musu aiki, ita ke buɗe kyamara da makirufo, ita ke yanke hukuncin wace manhaja za ta karanta wane fayil. Don haka za a iya kiran ta uwar manhaja. Wanda ya mallaki wannan mataki ya mallaki duk abin da ke samansa. Ko da manhajar aika saƙo ta kulle hira da lambobin sirri, idan an riga an kutsa cikin uwar manhaja, mai kutsen zai karanta saƙon a fuskar na'urar kamar yadda mai ita ke karantawa.

A ɓangaren kwamfutoci, uku ne suka yi fice. Windows ta Microsoft ita ke kan kusan bakwai cikin kowace kwamfuta goma ta ofis da gida. Sai macOS, wadda kamfanin Apple ya keɓe wa na'urorinsa kaɗai. Ta ukun ita ce Linux, wadda ba mallakin kamfani ɗaya ba ce. A wayoyi kuwa, Android ta Google, wadda aka gina a kan zuciyar Linux, ita ce ta mamaye kasuwar Najeriya da Nijar, sai iOS ta Apple a hannun masu hali.

Windows: inda jama'a suka taru

Ƙarfin Windows yawan jama'arta ne. Kusan duk firinta da aka saya za ta yi aiki da ita, kusan duk manhajar ofis an fara rubuta ta ne dominta, kuma a kowace babbar kasuwa akwai mai gyaran da ya san ta ciki da bai. Amma inda jama'a suka taru nan ɓarayi ke taruwa. Mai rubuta muguwar manhaja yana neman riba ne, don haka yakan nufi wurin da zai samu mutane da yawa a jifa ɗaya.

Ranar 12 ga Mayun 2017 wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bazu zuwa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Takan kulle fayilolin mutum, ta nemi fansar dala 300 da kuɗin intanet na Bitcoin. A Ingila ta durƙusar da asibitocin gwamnati, har aka ƙiyasta cewa an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Makamin da ta yi amfani da shi, wato EternalBlue, hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta ƙera shi ta ɓoye, kafin wasu masu kutse su sace shi su watsa a intanet. Daga baya Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin harin kan Koriya ta Arewa.

Abin lura a nan shi ne Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan an kawo kayan liƙe bangon, masu gida ne ba su liƙe ba. Darasin ya shafi Najeriya kai tsaye, inda ake yawan loda wa kwamfuta Windows ta sata a shago, sannan a kashe sabuntawa don gudun cin data ko don kada kamfani ya gane. Manhajojin da ake karya lasisi da su kuwa sanannen hanya ce ta shigo da muguwar manhaja, domin mai lodawa da kansa yake kashe mai gadin kafin ya buɗe musu ƙofa.

Akwai kuma haɗarin da ke zuwa ta hannun mai gadin kansa. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa sabuntawa mai kuskure. Saboda manhajarsa na aiki ne a can cikin zuciyar Windows, kuskuren ya kifar da na'urori miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. An soke dubban jiragen sama, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin suka tsaya. Adadin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na na'urorin Windows ba, amma ya isa ya nuna abin da ke faruwa idan duniya ta jingina da bango ɗaya.

Ta fuskar iko, Windows na ƙara karkata ga kamfanin da ya yi ta. Windows 11 ta gida tana neman mutum ya haɗa da intanet ya shiga da asusun Microsoft tun wajen girka ta, kuma akwai bayanan aikin na'ura da take aikawa kamfanin waɗanda mai amfani na gida ba zai iya kashe su gaba ɗaya ba. A watan Mayun 2024 kamfanin ya sanar da wani tsari mai suna Recall, wanda ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta kowane 'yan daƙiƙoƙi don mutum ya iya neman duk abin da ya taɓa gani. Masana tsaro suka gano cewa samfurin farko na ajiye bayanan ba tare da kullewa ba. Sukar da ta biyo baya ta sa aka ɗage shi, aka sake gina shi, sannan aka fito da shi a 2025 a kulle, kuma sai mutum ya kunna da kansa. Duk da haka manhajar Signal ta ɗauki matakin hana a ɗauki hoton hirarrakinta a kan Windows 11.

Apple: doguwar katanga, mai gadi ɗaya

Apple shi ke ƙera na'urar, shi ke rubuta manhajar, shi ke tantance abin da zai shiga. Wannan haɗin ya sa na'urorinsa ke da sauƙin aiki da wuyar kutsawa. Kwamfutar Mac takan ƙi buɗe manhajar da ba a san mai ita ba sai an matsa mata, kuma kamfanin ya daɗe yana fitar da manhajojin wasu kamfanoni daga zuciyar macOS, wurin da kuskuren CrowdStrike ya yi ɓarna a Windows. A 2016 Apple ya ƙi bin umarnin da hukumar FBI ta samo daga kotu na ya rubuta manhajar da za ta taimaka wajen buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan San Bernardino, yana mai cewa makullin da aka ƙera don mutum ɗaya zai buɗe na kowa.

Sai dai tsayin katanga bai hana mai tsani ba. A watan Yulin 2021 ƙungiyar Forbidden Stories da Amnesty International, tare da kafofin yaɗa labarai na ƙasashe da dama, sun bankaɗo jerin lambobin waya kusan 50,000 da ake zargin abokan cinikin kamfanin NSO na Isra'ila sun zaɓa don leƙen asiri da manhajar Pegasus. A ciki akwai 'yan jarida sama da 180. A watan Satumba na shekarar, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta gano hanyar da Pegasus ke shiga wayar iPhone ta saƙon iMessage ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba. Wannan ciniki ya iso Afirka ta Yamma: a watan Mayun 2020 wata kotu a Ghana ta ɗaure tsofaffin jami'an gwamnati uku kan badaƙalar sayen kayan leƙen asiri na NSO. Martanin Apple shi ne tsarin Lockdown Mode da ya fitar a 2022, wanda ke rufe wasu ƙofofin na'urar don kare mutanen da ake farauta. Kamfanin da kansa ya amince cewa tsarin yana rage jin daɗin aiki.

Babbar matsalar mai gadi ɗaya ita ce idan aka matsa masa lamba, duk mutanen gida ne za su ji a jikinsu. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN daga shagonsa na ƙasar Sin bisa buƙatar hukumomi. A watan Satumban 2021, ranar da aka fara zaɓen majalisar dokokin Rasha, Apple da Google suka cire manhajar da magoya bayan Alexei Navalny suka shirya don nuna wa masu zaɓe 'yan takarar da za su iya kayar da jam'iyya mai mulki. A Fabrairun 2025 kuma Apple ya janye tsarinsa na kulle bayanan iCloud mafi ƙarfi daga Birtaniya, bayan rahotannin cewa gwamnati ta umarce shi da ya samar mata hanyar shiga. Matasan Najeriya da suka rayu da VPN tsakanin Yunin 2021 da Janairun 2022, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, sun san muhimmancin tambayar wa ke da ikon cire manhaja daga shago.

Ga kuma tsada. Kuɗin sabuwar MacBook ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya, naira 70,000, sau da yawa, kuma kayan gyaranta ba a kowane gari ake samun su ba.

Linux: makulli a hannu, aiki ma a hannu

A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da zuciyar wata uwar manhaja, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya fara a 1983. Lasisinta ya bai wa kowa damar karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya rarraba. Daga nan aka samu nau'o'i masu yawa, irin su Debian da Fedora da Linux Mint, da Ubuntu wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004. Yau Linux ce ke tafiyar da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, kuma tun Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya a kanta suke. A tebur da cinya ne kawai ta kasa wuce 'yan kaso kaɗan.

Ta fuskar iko babu kamarta. Ba a biyan lasisi, ba a tilasta buɗe asusu, kuma nau'o'inta marasa nauyi na iya raya kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Hujjar magoya bayanta kan tsaro ita ce abin da kowa ke iya dubawa yana da wuyar ɓoye mugunta. Abin da ya faru a Maris na 2024 ya gwada wannan hujja ta fuska biyu. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutar gwaji daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi sai ya tarar da ƙofar baya da aka dasa a XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka wa aikin har mai kula da shi, ɗan sa-kai da aiki ya yi wa yawa, ya amince da shi. An kama abin kafin ya shiga manyan nau'o'in da jama'a ke amfani da su. Buɗewar manhajar ce ta ba da damar kama shi, amma mutum ɗaya ne ya kama, kuma bisa dace. Kafin wannan, kafar Heartbleed ta zauna shekara biyu a buɗaɗɗiyar manhajar OpenSSL kafin a gano ta a 2014.

Sunan Linux kaɗai ma ba ya nufin 'yanci. Koriya ta Arewa ta gina tata uwar manhajar, Red Star, a kan Linux. A 2015 wasu masu bincike biyu daga Jamus suka nuna cewa tana buga wa fayilolin da aka sa mata ta filas wata ɓoyayyar alama, ta yadda hukuma za ta iya bin sawun wanda ya bai wa wani. Iko na hannun wanda ya haɗa manhajar, kuma ba kullum ne shi ne mai amfani da ita ba.

Raunin Linux na ga sauƙi. Girka Mint ko Ubuntu ya yi sauƙi ƙwarai a yanzu, amma Microsoft Office na kwamfuta da Photoshop da CorelDRAW, wadda shagunan buga takardu da fastoci suka dogara da ita, ba su da samfurin Linux. Akwai madadinsu, kamar LibreOffice da GIMP da Inkscape, sai dai suna buƙatar sabon koyo, kuma takarda kan sauya fasali idan ta ratsa tsakanin manhajojin biyu. Idan firinta ta ƙi aiki, sau da yawa mutum shi zai zama mai gyaran kansa.

Gwamnatoci ma na wannan lissafi

Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kammala sauya kwamfutoci kusan 15,000 a 2013, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan ƙorafin ma'aikata da sauyin shugabanci. Rundunar jandarmomin Faransa kuwa ta ɗore a kan nata samfurin Ubuntu a dubban kwamfutoci, domin ta fara sauya manhajojin ofis tun kafin ta taɓa uwar manhaja. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da sauya kwamfutoci 30,000, tana kafa hujja da ikon ƙasa kan bayananta.

Hujjar ta ƙara ƙarfi tun 2019, lokacin da takunkumin Amurka ya raba sababbin wayoyin Huawei da manhajojin Google, da kuma Maris na 2022 da Microsoft ya dakatar da sabon ciniki a Rasha bayan mamayar Ukraine. Ƙasar da ma'aikatunta da bankunanta ke gudana a kan lasisin kamfanin waje tana ƙarƙashin dokar ƙasar da kamfanin yake, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Idan na'urar ta faɗa hannun hukuma

Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya a Najeriya, barazanar da ta fi kusa ba ta buƙatar Pegasus. Ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji sun mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri saboda wani rahoto kan shirin ƙwato garin Baga, suka tafi da kwamfutoci. Daga baya kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ruwaito cewa an binciki na'urorin ne don gano majiyoyin labarin.

A irin wannan hali, kalmar sirrin shiga kwamfuta ba ta tsare komai idan ba a kulle ma'ajiyar bayanan kanta ba, domin ana iya cire ta a karanta a wata na'urar. Duka ukun suna da maganin wannan: BitLocker a Windows, FileVault a macOS, LUKS a Linux. Bambancin yana ga inda makullin ajiya yake kwana. A Windows ta gida, yawanci ana ajiye shi ne a asusun Microsoft na mai kwamfutar, abin da ke ceton wanda ya manta kalmar sirrinsa, amma yana nufin kamfanin na riƙe da abin da kotu za ta iya nema. A Linux makullin na wurin mai shi kaɗai, kuma idan ya manta, bayanan sun tafi ke nan har abada.

Ga masu aiki mai haɗari akwai Tails, wani nau'in Linux da ke tashi daga filas, yana bi da komai ta hanyar sadarwar Tor, kuma ba ya barin sawu a kwamfutar bayan an kashe ta. Da shi Edward Snowden da 'yan jaridar da ya bai wa takardun NSA suka yi aiki a 2013. Akwai kuma Qubes, wadda ke raba kwamfuta ɗaki-ɗaki don kada cutar da ta shiga ɗaya ta tsallaka sauran. Duka biyun suna da wahalar sabo, kuma ba a yi su don aikin yau da kullum ba.

Wacce ta dace da wa?

Amsar tana farawa ne daga sanin wanda ake gudu. Wanda damuwarsa 'yan damfara ne da ɓarayin asusun banki, kowace daga cikin ukun ta ishe shi matuƙar ta asali ce kuma tana karɓar faci. Wanda aikinsa ya rataya a kan CorelDRAW ko manhajar da ofishinsa ya tilasta, Windows 11 mai lasisi ita ce hanya. Wanda ke da hali kuma yana son tsaro ba tare da wahala ba, Apple zai ba shi, bisa sharaɗin ya yarda kamfanin ne mai magana ta ƙarshe. Wanda ke riƙe da tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, kuma aikinsa rubutu ne da bincike a intanet, Linux Mint ko Ubuntu za su ba shi shekaru na facin tsaro kyauta, kuma zai iya gwada su daga filas kafin ya goge komai.

Zaɓin da ya fi kowanne haɗari shi ne wanda ya fi yawa a shaguna da ɗakunan ɗalibai: tsohuwar Windows da aka karya lasisinta, aka kashe mata sabuntawa, ba a kulle ma'ajiyarta ba, tana ɗauke da hotunan katin shaida da lambobin mutane da takardun da bai kamata kowa ya gani ba. WannaCry ta yi ɓarnarta ne da kafar da aka riga aka yi wa faci wata biyu kafin nan. Kafofin da za a gano a Windows 10 bayan ƙarewar wa'adinta kuwa, babu facin da zai zo wa mai kwamfutar gida da bai yi rajistar ƙarin wa'adi ba.